Raunin tairod da matsalar adrinal: tambayoyi da amsoshi

Wanda aka gano tairod ɗinsa ya yi rauni, aka ɗora shi kan magani, yakan fara jin sauƙi cikin 'yan makonni. Haka abin yake ga mafi yawan mutane. Amma akwai 'yan kaɗan da ana fara maganin sai jikinsu ya ƙara rikicewa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ciwon bai tsaya a wuya ba, ya taɓa adrinal. Ga irin tambayoyin da marasa lafiya da masu jinya ke yi a Katsina da Daura da garuruwan kewaye. Inda aka ambaci adadin magani, don mutum ya fahimci abin da likitansa ke yi ne, ba don ya je kemis ya saya wa kansa ba.

Likita, mene ne tairod ɗin ma, mene ne kuma adrinal?

Tairod wani ƙullin nama ne a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Shi ne idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Yana fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da kaifin tunani. Idan suka yi ƙaranci komai na jiki sai ya yi sanyi.

Adrinal kuwa guda biyu ne, kowanne yana zaune a saman ƙoda, nauyinsa bai wuce giram 5 ba. Sinadaransa da suka shafe mu a nan biyu ne. Kotisol shi ke riƙe awon jini da sukarin jini, kuma jiki na ƙara fitar da shi duk lokacin da ya shiga wahala, kamar zazzaɓi ko rauni ko tiyata. Aldostiron shi ke hana gishiri da ruwa zubewa ta fitsari. Akwai kuma na uku a wannan zance, wato fitutari, ɗan ƙaramin ƙulli a ƙasan ƙwaƙwalwa. Shi ke aika wa tairod umarni ta sinadarin TSH, ya aika wa adrinal ta ACTH.

To me ya haɗa ciwon wuya da abin da ke kan ƙoda?

Hanya ta farko ita ce garkuwar jiki ta juya ta yaƙi mai ita. Idan ta kai wa tairod hari ana kiran cutar da sunan likitan Japan Hakaru Hashimoto, wanda ya bayyana ta a 1912. Idan ta lalata adrinal, cutar Addison ke nan, da sunan Thomas Addison na Landan wanda ya rubuta bayaninta a 1855. A 1926 wani likitan Jamus, Martin Schmidt, ya nuna cewa biyun kan haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma mata sun fi maza kamuwa.

Hanya ta biyu ita ce fitutari ya lalace, sai tairod da adrinal su rasa mai ba su umarni lokaci guda. Ta uku kuwa babu wata alaƙa ta asali: mutum yana da raunin tairod, can gefe kuma tarin fuka ko maganin ƙiba ya kashe masa adrinal. Littattafan Turai sun fi ba hanya ta farko muhimmanci domin ita ta fi yawa a can. Wanda ke duba marasa lafiya a wannan yanki bai kamata ya manta da sauran biyun ba.

An ce Hashimoto ke gare ni. Ke nan adrinal ɗina ma zai lalace?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Raunin tairod abu ne gama-gari, cutar Addison kuwa ba kasafai ake ganinta ba. A Turai ana ƙiyasta mutum 100 zuwa 140 ne cikin miliyan ɗaya. Kusan rabin masu Addison irin na garkuwar jiki suna da ciwon tairod, amma idan aka juya lissafin, ƙalilan ne ƙwarai cikin masu Hashimoto ke samun Addison. Wanda ya kamata a fi sa wa ido shi ne mai ciwon sukari nau'i na 1, ko mai fararen dabbare-dabbare a fata, ko mai ƙarancin bitamin B12, ko matar da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40.

Me ya sa aka hana ƙanwata maganin tairod har sai an gwada adrinal, alhali takardar gwaji ta nuna tana buƙata?

Wanda ya hana ta ya san aikinsa. Lokacin da tairod ya yi rauni, hanta tana jinkirin rushe kotisol, jiki kuma ba ya neman mai yawa saboda komai a hankali yake tafiya. Don haka mai raunin adrinal kan iya lallaɓawa da ɗan abin da ya rage masa, wata da watanni, ba wanda ya sani. Da zarar an fara lebotairoksin, wato maganin tairod, hanta ta farka ta shiga cinye kotisol da sauri, zuciya da sauran gaɓoɓi su ƙara neman sa, adrinal kuma ba shi da abin bayarwa. Kamar ka murɗa wa babur wuta ne alhali ɗan man da ya rage a tanki shi ke jan ka a hankali zuwa gida. Cikin kwanaki ko makonni sai amai, jiri, awon jini ya faɗi, mutum ya suma. Ana iya mutuwa a haka.

Saboda haka ƙa'idar ba ta canzawa: idan akwai shakka a kan adrinal, a gwada shi tukuna, idan an tabbatar, a fara da maganin kotisol, bayan kwanaki kaɗan sannan a kawo na tairod. Jinkirin mako ɗaya ba zai cutar da ƙanwarka ba, tunda ciwon tairod ɗin ya daɗe a jikinta. Har a gaggawa, idan aka kawo mai raunin tairod mai tsanani a sume, ana yi masa allurar haidirokotizon, wato maganin kotisol, tare da maganin tairod ba tare da jiran sakamako ba.

Akwai wani abin kuma. Rashin kotisol shi kansa yakan ɗaga TSH kaɗan. Sai a ga wanda aka ce yana da raunin tairod, an gyara adrinal kawai, TSH ya dawo daidai, ashe tun farko tairod ɗinsa lafiya lau yake.

Gajiya da kasala duk iri ɗaya ne. Ta yaya zan bambanta?

Gaskiya ne, gajiya ba ta raba gardama. Sauran alamomin ne ke rabawa. Mai raunin tairod yakan ƙara nauyi, fuska ta kumbura, ya riƙa jin sanyi har ya sa rigar sanyi tun hunturu bai kankama ba, bayan gida ya yi tauri, fata ta bushe, murya ta shaƙe. Mai raunin adrinal ramewa yake yi. Ba ya son abinci, zuciya na tashi, ciki na ciwo, idan ya miƙe daga zaune ko ya ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe shi. Wani ya riƙa kwaɗayin gishiri, har a gan shi yana lasa. Don haka mai raunin tairod da ke ramewa ba dalili, ko wanda ya fi jigata bayan fara magani, a duba masa adrinal.

Littattafai suna cewa fata takan yi duhu, to amma a jikin baƙar fata wannan alama tana ɓoyewa. Inda ake dubawa shi ne dasashi, cikin kumatu, harshe, zanen tafin hannu, da tsofaffin tabo da suka ƙara baƙi. Sau da yawa 'yan uwan da suka daɗe ba su ga mutum ba su ke fara cewa, "Wance, me ya sa kika yi baƙi haka?" A kwatanta da tsohon hoto. Duhun yana zuwa ne idan adrinal ɗin kansa ya lalace. Idan daga fitutari ne, fata sai ma ta yi fari-fari kamar ta mai ƙarancin jini.

Abin takaici, da yawa sai sun sha maganin taifot da maleriya da olsa sau da dama kafin wani ya tuna da wannan.

Likita, tun haihuwarta ta ƙarshe maiɗakina ba ta koma daidai ba. Ta zubar da jini sosai, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba. Iyaye na cewa wankan jego ne ba ta yi da kyau ba. An gwada TSH an ce lafiya lau.

Malam, wannan bayanin naka ya isa a gwada mata fitutari. A lokacin ciki fitutari yana girma, yana buƙatar jini fiye da da. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har awon jininta ya faɗi, wani ɓangarensa yakan mutu. Likitan Ingila Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937, kuma da sunansa ake kiran ciwon. A ƙasashen da kusan kowa ke haihuwa a asibiti ya yi ƙaranci. A inda ake haihuwa a gida, ko aka yi doguwar tafiya daga ƙauye kafin a sami ƙarin jini, har yanzu yana nan.

Alamar farko ita ce ruwan nono ya ƙi zuwa. Sannan al'ada ta ɗauke ko bayan yaye, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jin sanyi da rashin sha'awa. Wata takan yi shekara 10 ko fiye tana fama kafin a gano, ana cewa jinnu ne ko sammu ko ƙiwa ce kawai. Babu ruwan wankan jego a ciki.

Batun TSH kuwa, a nan ake yaudaruwa. TSH daga fitutari yake fitowa, to idan fitutarin ne ya lalace ba zai iya ɗagawa ba, sai takarda ta nuna shi daidai ko ƙasa, alhali T4 ya yi ƙasa sosai. Ka nemi a yi mata gwajin T4 da kotisol na safe da sodiyam. Idan an tabbatar, maganin kotisol ne zai fara shiga. Nan gaba ma da T4 za a riƙa auna adadin maganinta, ba da TSH ba.

Ina shan maganin tairod, kuma na yi wata shida ina shan deksa don in yi jiki. Na ji an ce yana da illa, zan daina yau.

Kada ki daina yau, 'yar uwa. Ki je asibiti da kwalin a hannunki, a rage miki shi a hankali.

Deksametazon da firednisolon 'yan uwan kotisol ne, sun ma fi shi ƙarfi: miligiram 0.75 na deksa daidai yake da miligiram 5 na firednisolon, daidai da miligiram 20 na haidirokotizon, wato kusan abin da jiki ke buƙata a yini. Idan mutum ya wuce mako 3 zuwa 4 yana sha, fitutari ya ga kotisol ya wadata sai ya daina aika umarni, adrinal ya kwanta ya motse. Ranar da aka yanke maganin kwatsam, jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki. Farfaɗowar adrinal kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara.

Ƙibar da "sha ka fashe" ke kawowa ma ba ta lafiya ba ce: fuska ta yi zagaye, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, ga nankarwa mai faɗi, ga hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Ba ƙwaya kaɗai ba. Man bilicin da ke ɗauke da kulobetasol ko betametazon yana ratsa fata ya shiga jini, kuma mai shafa shi a duk jiki shekara da shekaru adrinal ɗinta na iya kwanciya. Haka wasu haɗe-haɗen maganin sanyin ƙashi da ake sayarwa ba suna, waɗanda ke sa tsoho ya miƙe garau cikin kwana biyu. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da gidajenmu, kuma ita mutane suka fi ɓoye wa likita saboda kunya. Ki faɗa masa; waɗannan magunguna suna sauke TSH, suna kuma rikita gwajin kotisol, idan bai sani ba zai karanta takardarki a karkace.

Baba ya taɓa yin tarin fuka. Da alaƙa?

Akwai. A zamanin Addison tarin fuka ne babban dalilin cutar, kuma a Afirka har yanzu yana sahun gaba. Ƙwayar cutar takan bi jini ta zauna a adrinal ta cinye shi a hankali, alamu su fito ko bayan shekaru da warkewar huhu. Sannan rifamfisin, ɗaya daga magungunan wata 6 da ake bayarwa kyauta, yana sa hanta ta rushe kotisol da sauri, yana kuma rage ƙarfin lebotairoksin. Duk mai shan ɗayan waɗannan da za a ɗora kan maganin tarin fuka ya sanar da ma'aikatan tun ranar farko, domin yawanci sai an ƙara masa adadi. Wasu magungunan farfaɗiya, irin su fenitoyin da kabamazefin, haka suke yi.

Wane gwaji ake yi, kuma a ina?

Ana ɗibar jini tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, lokacin da kotisol ya fi yawa. Na yamma ba ya faɗin komai, asarar kuɗi ce. Bisa ƙa'idar da aka fitar a Ingila a 2024, ƙasa da nanomol 150 a lita yana nuna akwai matsala, sama da 300 kuwa da wuya a ce akwai, abin da ke tsakani sai an ƙara bincike. Wasu ɗakunan gwaji da maikirogiram suke rubutawa, a nan iyakokin su ne wajen 5 da 11. Ƙarin binciken shi ne allurar Synacthen, maikirogiram 250, a ɗibi jini kafin a yi, da bayan minti 30 da 60, a ga ko adrinal ya amsa. Ana haɗawa da ACTH, sodiyam, fotasiyam da sukari. Sodiyam ƙasa, fotasiyam sama, a jikin mai ramewa, wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin likita, kuma gwaji ne da kusan kowane babban asibiti ke yi. Juna biyu da ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin suna ɗaga sakamakon kotisol, ya nuna lafiya alhali babu.

A fara daga babban asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa sashen cututtukan ciki na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura. Idan ana buƙatar ƙarin bincike akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Na gani a Facebook ana cewa duk mai ciwon tairod yana da "gajiyar adrinal", har ana tallar maganinta.

Wani mutum mai suna James Wilson ne ya ƙirƙiro wannan suna a 1998, kuma ƙungiyoyin likitocin homon, wato sinadarai irin na tairod da adrinal, ba su yarda cuta ba ce. A 2016 masu bincike biyu daga Brazil suka tace nazari 58 a kan batun, ba su sami hujjar cewa damuwa na gajiyar da adrinal har ya kasa aiki ba. Gajiyar da mutum ke ji gaskiya ce, sunan da aka ba ta ne ba shi da tushe. Mai shan lebotairoksin da har yanzu yake jin kasala, a fara duba ko adadin ya isa, ko yana shan sa daidai, sannan ƙarancin jini, ciwon sukari, rashin barci da ciwon damuwa. Wasu kayan da ake tallatawa an samu suna ɗauke da homon a ɓoye, su jawo wa mai lafiyayyen adrinal ciwon da ba shi da shi.

Idan an tabbatar ina da biyun, yaya maganin yake? Har abada ne?

Idan adrinal ko fitutari ya lalace, e, har ƙarshen rayuwa. Idan deksa ne ya kwantar da shi, akwai fatan ya farfaɗo. Ana ba babba haidirokotizon miligiram 15 zuwa 25 a yini, kashi biyu ko uku, mafi yawa da an tashi daga barci. Inda ba a samun sa, firednisolon miligiram 3 zuwa 5 da safe. Wanda adrinal ɗinsa ne ya lalace yana buƙatar fuludirokotizon, yawanci maikirogiram 50 zuwa 200, a madadin aldostiron. Mai ciwon fitutari ba ya buƙata. Wannan adadi maye gurbin abin da jiki ya rasa ne kawai, ba ya kumbura mutum irin na masu neman ƙiba.

Lebotairoksin a sha shi da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. A raba shi da maganin ƙarin jini da na kalsiyam da awa 4. Bayan kowane canjin adadi a sake gwaji a mako 6 zuwa 8. Kada a ajiye shi a mota ko kusa da murhu, zafi na rage masa ƙarfi.

Ana rayuwa da shi sosai. John F. Kennedy yana da Addison, wanda aka gano a 1947, yana kuma da raunin tairod, a haka ya zama shugaban Amurka a 1961.

Me zan yi idan zazzaɓi ya kama ni?

Lafiyayyen adrinal da kansa yake ƙara kotisol a ranar ciwo. Kai da hannunka za ka ƙara. Zazzaɓi ya kai digiri 38, ka ninka haidirokotizon sau biyu, ya kai 39 sau uku, har ka warke, sannan ka koma adadinka. Na tairod ba a ninka shi. Ka kuma je a gwada maleriya, ninkawar ba ta kashe cutar da ta kawo zazzaɓin.

Amai da gudawa su ne abin tsoro, domin ƙwayar ba ta zama a ciki. Idan ka amayar da magani, ka sake sha ya sake dawowa, ko jiki ya saki, ko magana ta fara rikicewa, allurar haidirokotizon miligiram 100 ake yi a cinya nan take, a wuce asibiti a sa ƙarin ruwa mai gishiri. Ba a jiran gwaji, kuma allura ɗaya ba ta cutarwa ko da an yi ta bisa kuskure. Wanda ke zaune a Baure ko Zango ko wani ƙauye mai nisa da babban asibiti ya ajiye kwalba biyu da sirinji a gida, a koya wa mutum biyu yadda ake yi. Ya riƙa yawo da kati mai ɗauke da sunan ciwon da magungunansa, ya nuna shi kafin tiyata ko cire haƙori ko haihuwa.

Azumi fa, Likita? Ban taɓa sha ba tun ina yaro.

Mai raunin tairod kaɗai yana azuminsa lafiya, Alhaji. Ya sha maganin rabin awa kafin sahur, ko lokacin kwanciya idan awa 3 ta wuce da cin abinci. Mai raunin adrinal kuwa lamarinsa daban ne. Haidirokotizon ba ya daɗewa a jini, wanda aka sha da sahur ya ƙare kafin la'asar, lokacin da sukari da ruwan jiki suka fi yin ƙasa. Wasu likitoci kan mayar da mutum kan firednisolon da sahur saboda ya fi daɗewa, idan ciwon ya daidaita. Amma wanda aka gano nasa kwanan nan, ko ya taɓa suma a cikin shekarar, ko yake haɗe da ciwon sukari mai buƙatar allura, ko mai juna biyu, shawarar ita ce kada ya yi. Ka ga likitanka wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Idan an yarda maka ka yi, jiri ko amai ko zazzaɓi suka zo da rana, ka karya ka sha magani.

Ko ba azumi, bazarar Katsina daga Maris zuwa Mayu, da zafi kan haura digiri 40, lokaci ne na lura. Gumi gishiri yake fitarwa, mai Addison kuma ba ya iya riƙe shi. Kada ya bi shawarar rage gishiri da ake ba masu hawan jini sai likitansa ya ce. Manomi da ɗan acaɓa da mai aikin gini su riƙa ɗaukar ruwan gishiri da sukari, kuma akan ƙara musu fuludirokotizon har damina ta sauka.